Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba. Ko a gabansa, ko a bayan idonsa, ko bayan ya rasu a hanyar Maraɗi cikin motar da yake ja. "Mai gida" take cewa, ko "shi". Haka aka tarbiyyantar da ita, mace ba ta kama sunan miji. Abin bai dame ni ba sai da aka zaɓi ɗan majalisa mai sunan Baba.

Nan da nan sunan ya cika Jibiya. Bangon tasha, bayan babura, rediyo safe da yamma. Shekara uku ban ji an kira shi ba, sai ga shi a bakin kowa, kuma ba ubana ake nufi ba. In na ji a lasifika sai na waiwaya. Bakin Inna kaɗai nake son jin sunan daga gare shi, shi ne kuma ya ƙi.

Inna tana suyar waina a rumfa kusa da shingen kwastan, direbobi da 'yan dako ne masu cinikinta. Aka ce za a tashi rumfunan a mai da su bayan gari, inda mota ba ta tsayawa. Matan suka nemi ganin ɗan majalisa, suka ce Inna za ta yi magana, ita ce babba. Wani na hannun damansa ya aiko da takarda: ga yadda ake buɗe jawabi, muƙami tukuna, sannan cikakken suna. Ni ce na gama sakandare, ni aka ɗora wa koya mata. Na yi murna a ɓoye. Na ce yau dai dole ta faɗa.

Muna yankan albasa nake karanto mata, tana bi. Har "Onarabul" ta iya, wanda na zaci zai ba ta wuya. Da mun zo kan sunan sai ta tsallake.

"Inna, kin yi tsallake."

"Na sani."

"To ki faɗa mana. Wannan wani ne daban, ko kama ba su yi ba."

"Sunan dai guda na."

"In aka tashi rumfar fa, mu ci me?"

"Ke ɗiyar ga, da bakinki za ki yanka albasar da tuni an gama."

Na ce mata Baba ya mutu, kunyar wa take ji kuma. Ta ɗauki roba ta fita ɗebo ruwa, alhali randa cike take. Wannan maganar har yau ina jin ɗacinta.

Ranar taron na tsaya a bayanta, takardar na hannuna. Aka miƙa mata abin magana. Ta gyara mayafi.

"Onarabul, mai sunan mai gidana, Allah ya ja zamaninka."

Wanda ya aiko da takardar ya harare ni, kamar ni ce na yi. Ɗan majalisar kuwa ya tambayi na kusa da shi, aka raɗa masa, sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, Inna. Ni ma ɗan fari ne, uwata ba ta taɓa kiran sunan nan ba. Ci gaba."

Ta ci gaba, da harshenta na Maraɗi, ba takarda ba komai. Ta ce direba mai jiran kwastan ba zai bar motarsa ya tafi bayan gari neman waina ba. Ta ce marayu nawa ne rumfunan nan ke ciyarwa, ya ƙirga da idonsa. Ba a tashi rumfunan ba.

Mata suna guɗa, ni ina cika ina batsewa. A hanyar gida ta dube ni.

"Mi ya faru kuma? Ba an bar mu ba?"

"Ba komai."

Da na faɗa mata gaskiya, wataƙila da ta ja ni ɗaki ta faɗa mini sau ɗaya, a hankali. Wataƙila kuma da ta ce in tafi in wanke tanda. Ban tambaya ba, ina ganin akwai lokaci. Bara ta rasu a Maraɗi, wurin 'yan uwanta.