Sajan da Ta Fara da Tambaya

Kullum da safe, kafin Inna Saje ta shiga caji ofis, sai ta ratse rumfar da masu buƙata ta musamman ke sana'a. Ta jawo benci tsakanin makaho mai saƙar kujeru da gurguwa mai ɗinki, ta cire hula, ta ce, "To iyayen gidana, yau me ya dame ku?"

Lokacin da aka fara turo ta jin abin da suke so 'yan sanda su sa a gaba, ta zaci ɓarayi za su ambata. Sai makahon ya ce, "'Yata, me ɓarawo zai ɗauka a wurina? Baburan da ake jerawa a hanyar masu ƙafa, su ke fasa min ƙauri."

Mai ɗinki ta ce, "Ni ko an zalunce ni, matakalar ofishinku ba ta barina in kai ƙara."

Inna Saje ta kwashi maganar ta kai wa manyanta, ta yi ta naci har aka kawar da baburan, aka yi wa ƙofar ofis gangara don keken guragu.

Kurame kuwa dole ta sa ta koyi maganar hannu. Ranar farko ta tashi gaishe su, ashe cewa ta yi tana jin yunwa. Suka yi dariya har da hawaye, suka sayo mata abinci, ta zauna ta cinye.

Wannan karatu ya yi rana. An taɓa tsare wani kafinta kurma, wai ya raina hukuma, an yi masa usur bai tsaya ba. Ta iske shi yana kaɗa hannu, idonsa jajur, ba mai gane shi. Ta yi masa magana da hannu, ta juya ga kurtun da ya kama shi ta ce, "Ɗana, usur ɗin da bai ji ba za ka hukunta shi a kai?" Kafintan ya koma ga iyalinsa, kurtun kuma ya shiga ajin maganar hannu wurinta.

Ga shi za ki ajiye kaki, Inna Saje. Ke ce kunnen unguwa, ke ce kika koya wa hukuma zama a benci. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma masu gadonta, rumfar tana nan. Makahon ya ce a gaya muku, yana gane takalmin mai wucewa da na mai tsayawa.