Ruwa Ɗaya

Ƙamshin ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa kowa yana sonsa, ni kuwa ɓata mini rai yake yi. Da na shaƙe shi sai in ga kakana a gona, sungumi a hannu, soja biyu a bayansa.

Ina yarinya lokacin, a wani ƙauye tsakanin Mayahi da Tasawa, zamanin mulkin soja. Fari ya sha mu shekara biyu a jere. Abin da ya rage mana shi ne irin hatsi a tulu guda, kakana ya liƙe bakinsa da laka. Ko da yunwa ta sa muke cin 'ya'yan anza masu ɗaci da ganyen jiga, ba wanda ya isa ya taɓa tulun nan, domin shi ne abincinmu na baɗi.

Sai aka yi ruwa wata safiya, mai ƙarfi, har kwaɗi suka yi kuka. Umarni ya zo daga gari cewa damina ta sauka, kowa ya fita shuka. Kakana ya tona ƙasa da yatsa, ya tarar da ƙura a ƙarƙashi. Ya ce wa maza a gindin gawo: "Ruwa ɗaya ba damina ba ne. Daminar da munka sani ta ja baya, ni zan jira."

Maƙwabcinmu, shugaban samarin gari, mai son a gan shi kusa da manya, ya hau keke ya kai ƙara cewa tsoho yana kashe wa jama'a gwiwa. Washegari mota ta zo da soja biyu. Suka fasa bakin tulun, suka tasa kakana gaba, ya shuka irin duka da hannunsa, mahaifiyata tana binsa tana rufewa da ƙafa tana kuka. Maƙwabcin yana tsaye a inuwa. Har yau ina iya gaya maka launin hularsa.

Hatsin ya tsiro, kore shar, sannan sama ta ɗauke. Muna kallo ya ƙone. Da damina ta gaskiya ta zo ba mu da ko ƙwaya. Ƙanwata ba ta kai lokacin kaka da rai ba, kakana kuma bai sake magana a taron maza ba har ya rasu. Ban yafe ba, kuma kada ka ce mini in yafe.

Yanzu ina koyarwa a jami'a. Darasina na farko kullum shi ne ma'ana: akwai yanayin yini, ruwan yau ko zafin gobe, akwai yanayin ƙasa, wanda sai an tara shekaru kamar talatin ake sanin halinsa, in wannan hali ya gusa, shi ne sauyin yanayi. Ɗalibai suna rubutawa suna hamma.

Aikin bincike ya mai da ni ƙauyenmu. Aka ce akwai dattijon da baƙi ke zuwa wurinsa jin labarin fari. Ashe maƙwabcin nan namu ne, ya tsufa, gemu fari fat. Bai gane ni ba. Na kunna rakoda gaban jama'a, ya gyara zama ya ce: "Ɗiyata, mu tun da can munka gane ruwa ɗaya ba damina ba ne."

Na bar shi ya gama tsaf. Sannan na gaya masa ko jikar wane ce ni, na ce: "To Baba, mi ya sa ka kawo soja gonarmu?"

Bakinsa ya buɗe, bai ce komai ba. Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai, don sun tuna. Ban kashe rakodar ba.

Garin ya canja, babura sun maye gurbin kekuna, ba wanda ke jiran izini kafin ya yi shuka. Ni dai duk shekara, bayan na rubuta ma'anonin nan a allo, ina ba ɗalibai labarin tulun, sannan in kunna musu shirun mutumin nan, ba na rage ko kaɗan. Ba wanda ke hamma.