Tiya Huɗu a Bayana, Daga Damagaram Zuwa Gidimuni

Ranar farko

Ana sallame Asuba muka bar Damagaram da ƙafa, mu biyar. Shekarar fari ce, ta biyu a jere, ina sabon malamin wasanni a lakwal, wato makarantar boko. Za a yi tseren kwanaki a duwatsun Azbin, inda kowa ke gudu da abincinsa da bargonsa a baya, kuma mutum biyu za a ɗauka daga cikinmu. Ajidan Mamman, tsohon sojan da ke horar da mu, ya ce kowa ya goya kilo goma ya same shi Gidimuni rana ta uku. Biyun farko su ne. Wanda jakarsa ta gaza ko da kaɗan ya fita.

Abokaina yashi suka ɗura. Ni kuwa Inna ta kama ni ina ɗiba a tsakar gida.

"Yashi za ka kai ƙauye? Shi suka rasa?"

Ta auna gero tiya huɗu, ta ce na kai wa Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, tunda garinsu kan hanya yake. Sikelin mahauci ya ce kilo goma daidai.

A shingen fita gari jandarma ya latsa jakar ya ce, "Wa ya koro ku?" Na ce ba kowa. Ya ce lallai akwai masu ƙoshi a ƙasar nan.

Da hantsi muka shiga Mirriya. Kwaɗon zogale muka ci wajen masu lambu, muka kwana a ajin lakwal. Gero daɗin goyo gare shi, yana kwanciya a baya kamar jariri, har na yi ta yi wa masu yashi dariya.

Rana ta biyu

Gonaki fayau, sai kashin shanu nan da can. Na koyi kurɓar ruwa kaɗan kaɗan tun ƙishi bai zo ba, da ɗaure igiyar jaka a ƙugu don kafaɗa ta huta. Bayan La'asar na ratse zuwa garin su Gwaggo.

Da ta kwance bakin jakar sai ta tsoma hannu har wuyan hannu. Ashe irin shukarsu ma sun cinye tun bazara.

"Wannan ba na tukunya ba ne," in ji ta. "Binne za mu yi, ruwa ya tarar da shi a ƙasa."

Na yi mata bayanin nauyi. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Abin da ka kawo shi za ka koma da shi." Garin rogo muka ci da ɗan mai, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Rana ta uku

Da safe na tarar ta ɗinke bakin jakar da allurar buhu. Yashin gindin rijiya ta auna mini, tiya huɗu, har da tozo. Ina ɗagawa na san da magana, don ni da ita duk mun manta tiyar yashi ba tiyar gero ba ce. In zubar a gabanta kunya, in rage a hanya ba sikeli, kuma in na gaza na fita. Na saɓa abina. Na bar ta da sungumi a gona, tana sara tana jefa iri cikin busasshiyar ƙasa.

Tuddan rairayin da ke kafin Gidimuni da rarrafe na hau wasu. Ina hango dabinon bakin tafki mutum na biyu ya wuce ni, yana tambaya ina dariyar shekaranjiya.

Ajidan ya rataya jakata, allurar sikeli ta zarce goma ta yi gaba abinta. Na ba shi labari, ya yi dariya har da hawaye.

"Ɗan gudu nake nema ko jaki? Kai ne na uku, Malam. Sai wani jiƙon."

Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ya saya mini rake, na zauna bakin tafki na tsoma ƙafafu cikin ɗan ruwan da ya rage, zuciyata ta sauka.

Gida

Kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, ya kawo mu Damagaram da Magariba. Inna tana shafa mini man kaɗe a kafaɗun da suka saluɓe na gaya mata Azbin ta wuce ni bana, na ba ta labarin yashin Gwaggo.

"Tiya nawa ta mayar maka?"

"Huɗu, har da tozo."

"Haka Hajara take," in ji Inna. "Ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba."

Na gode Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa masu lambun Mirriya da direban kamiyo. Gwaggo kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ban bari ta ji abin da awonta ya ja mini ba.