Hular Kawu a Fuskar Waya

Ko zan manta da komai a sana'ar kauɗa, ba zan manta da ranar da na tashi a taron ƙungiyarmu ta masu kauɗa na nuna wa mata hular kawuna a waya ba.

Mu mutanen wajen Kadawa ne. Idan tumatir ya yi yawa da rani har kwando ya rasa mai taya shi, matan garinmu sai su yanka su shanya, ya bushe ya zama kauɗa, a ɗura a buhu. Ita kuwa kauɗa ba ta shiri da danshi. Ruwa na sauka za ta fara baƙi, dillalai su taya ta yadda suka ga dama.

Kawuna, ƙanin innata, shi ke nemo wa matan masu saye. Wata shekara ya shiga birni aka haɗa wa ƙungiya shafin intanet. Ya dawo yana ba da labarin yadda ya gan shi a katuwar kwamfuta, ga sunan ƙungiya, ga lambar waya, ga hotonsa a sama cikin babbar riga. Ya ce daga Legas ma za a riƙa kira. Wata biyu shiru, ko kuskuren lamba ba a yi an kira mu ba. Buhuna na jibge a ɗakin ajiya, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Har da buhu shida na innata a ciki, aikin raninta kaf.

A taro Kawu ya ce bakin mutane ne, a yi sadakar waina. Ni kuma ba ni da haƙurin irin wannan magana. Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ni ke rubuta wa ƙungiya sunaye. Na ce, "Kawu, kai ka taɓa buɗe shafin nan a wayarka?"

Ya ce, "Ke, abu na kwamfuta ne."

"To wa ke da kwamfuta a masu sayen kauɗa?"

Na buɗe a tawa. Sai da aka jira kamar a dafa shayi kafin ya fito. Da ya fito, babu komai a fuskar wayar sai hular Kawu da rabin kunnensa. Na ja hoton gefe da yatsa, ga kafaɗa. Rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, lambar waya kuwa ta faɗa can dama, sai ka yi ta ja kafin ka gano ta. Na miƙa wa wata gwaggo, ta kai wayar kusa da ido ta ce, "Hula muke sayarwa yanzu? Nawa guda?" Mata suka kwashe da dariya. Kawu ya ɓata rai ya ce ba ni da kunya. Yanzu da na ƙara hankali na san da sai in ja shi gefe, amma ranar buhunan inna kawai nake gani.

Washegari na hau mota daga Kura zuwa birni wurin wanda ya haɗa mana shafin, Kawu na biye da ni yana mita. Mai haɗa shafin ya juyo mana da kwamfutarsa ya ce, "Hajiya, duba, lafiya lau yake."

Na ce, "Malam, rufe wannan. Ga wayata. Mu fita rana, ka riƙe da hannu ɗaya, ka nemo min farashin buhu."

Ya fita, ya yi ta murza babban yatsa yana ƙanƙance ido. Can ya yi dariya ya ce na yi gaskiya. Ya zauna ya sake tsarin yadda shafin zai riƙa daidaita kansa da kowace irin waya. Ya rage nauyin hotuna don ya buɗe ko sabis ba ƙarfi. Kauɗa ja jawur a sama, farashi da manyan baƙaƙe, sai maɓallin kira ƙato a ƙasa. Da aka zo kan hoton Kawu, shi da bakinsa ya ce, "A cire. Amma a bar min shi a can ƙarshe, ƙarami."

Kwana huɗu bayan nan wata mata mai gidan abinci ta kira daga Fatakwal. Ta ce a cikin mota take, ta gani ta danna. Ta ɗauki rabin kayan, ta haɗa mu da ƙawarta, ita kuma ta kwashe sauran. Ranar da aka yi ruwan farko ina tsaye a ɗakin ajiya ina shara, babu buhu ko ɗaya. Inna ta yanka kaza, ta ba ni cinya gaban Kawu.

Tun daga ranar, duk abin da za mu nuna wa mai saye, sai na fara duba shi da abin da ke hannunsa, ba da abin da ya burge mu ba. Mai saye ba ya yi maka ƙorafi. In ya nemi lamba bai gani ba, rufewa zai yi ya wuce, kai kuma kana gida kana zargin maƙwabta.