Handawut Marar Suna da Kwalbatin Barade

Har yau ban manta da ranar da aka miƙo mini takardar tuhuma don na nemo wa ɗaliba abin karantawa ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ƙaramin jami'in laburare, mataki na bakwai, a wata makarantar fasaha a Jalingo.

Littattafan injiniyan gine-gine da muke da su ba su cika kanta biyu ba, yawancinsu kuma sun girme ɗaliban. Kowa ya dogara ne da handawut ɗin shugaban sashe, wanda muke kira Injiniya. An yi ta kwafarsa har lambobin sun dusashe. Babu sunan marubuci, babu shekara.

Wata 'yar ajin ƙarshe, Talatu, 'yar Kona, ta zaɓi yin aikin kammala karatunta a kan wani kwalbati a unguwar Barade, wanda ruwa ke haurewa duk damina ya shiga gidaje. Ta same ni da lissafinta.

"Malam Buba, handawut ya ce kwalbatin ya isa. Ni kuwa na tsaya a wurin, ruwa har gwiwa."

Ban daɗe da dawowa daga wani kwas a Jos ba, inda aka koya mana imel. Ga waɗanda ba su riski lokacin ba, ba shafi ake buɗewa a gani ba. Buƙatarka za ka rubuta, kwamfuta ta buga tarho zuwa Legas, in layi ya shiga saƙo ya tafi, amsa sai bayan kwanaki. Wani ofishin masu haƙa rijiyoyin burtsatse ke da na'urar, suka yarda in riƙa zuwa duk Laraba.

Cikin mako shida takardu tara suka iso daga laburaren jami'o'in waje. Na zaunar da Talatu muka bi su ɗaya bayan ɗaya: wa ya rubuta, a ina yake aiki, yaushe, daga ina ya samo alƙalumansa? Biyar muka watsar, har da wadda ta fi daɗin karatu, don tallar masu sayar da bututu ce. Sauran suka nuna yadda ake lissafin ruwa irin namu, mai zubowa da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ta haɗa da bayanan ruwan sama da ta kwafo da hannu daga ofishin gona. Lissafi ya nuna kwalbatin ya yi kaɗan ƙwarai.

Injiniya ya ƙi sa hannu, kuma aikin da ba a sa wa hannu ba ba ya zuwa gaban mai jarrabawa. Ya tako har laburare.

"Kai ne ke koyar da injiniya yanzu? Abin da ya faɗo daga waya shi ne ilimi?"

"Ranka ya daɗe, kowace takarda na san mai ita. Faɗa mini mai handawut ɗinka, yau in sa shi a kanta."

Washegari takardar tuhuma ta zo: in bayyana cikin sa'a ashirin da huɗu dalilin shiga aikin da ba nawa ba. Rajistara ya kira ni gefe.

"Don Allah, Buba, rubuta ka ba da haƙuri a wuce wurin."

Layi biyu na rubuta. Na ce an ɗauke ni ne don in nemo wa ɗalibai abin karatu ingantacce, na yi, kuma Laraba mai zuwa ma zan koma.

Talatu kuwa na gaya mata gaskiya. Na ce in ta dage, shekararta ce za ta tafi a banza, in ta sake rubutawa da handawut ba zan ga laifinta ba.

"Gidan yayata na bayan kwalbatin nan, Malam. Ba zan rubuta ya isa ba."

Sai na buɗe mata littafin dokokin ɗalibai, wurin da ya ba ta damar kai ƙara ga kwamitin ilimi. Kwamiti ya miƙa maganar ga mai jarrabawa daga waje, wani dattijon farfesa. Ya duba takardunta, sannan ya tambayi Injiniya asalin alƙalumansa.

"Tun muna makaranta da su ake aiki."

Farfesa ya ce ya san jadawalin, daga littafin wata ƙasa mai sanyi aka ciro shi, inda ruwa yayyafi yake yi. Talatu ta ci jarrabawa.

Ni kuwa takardar tuhumar ta zauna a fayil ɗina. Aka mayar da ni sito ina lura da kujeru, ƙarin girma ya wuce ni sau biyu. Kwalbatin ma sai bayan shekaru aka faɗaɗa shi.

Ku sababbin ma'aikatan laburare, yanzu komai na cikin wayarku, gaskiya da shirme a gauraye. Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu ba girman mai miƙo takarda ake dubawa ba, asalinta ake tambaya, ko daga waya ta fito ko daga hannun shugaba. Wanda ya husata da wannan tambaya, ku sake yi masa ita.