Malam Ikrima da Ɗakin Hayaƙi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ikrima Ummaru, magatakardan direbobin tasharmu masu jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ciwon huhu ne ajalinsa, mutumin da bai taɓa sa taba a bakinsa ba.

Ni Alhaji Tamba na Gwadangaji, kowa ya san da karen mota na fara, daga aji uku na sakandare. Babu wanda ya gadar mini ko taya, yau ga motocina kan hanya suna yi mini shaida. Ban saba a ga rauni gare ni ba. Amma Ikrima, tun da muka baro maƙabarta a Argungu barcina ya ƙi daidaita.

Ofishinka ɗaki ne ƙarami mai taga guda, ita ma an toshe rabinta da kwali saboda rana. Nan direbobi ke jiran layi, wannan ya kashe karan taba wancan ya kunna, har fanka ta gaji da juya hayaƙi. Kai kana tsakiya kana kiran sunaye, ni ina gefenka kan benci, shekara da shekaru. Ba ka da faɗa. Sai dai ka ce wa Hodi, wanda ya fi kowa zuƙa, “Hodi, kai ka sha, ni ka biya.” Shi ko ya ce, “Malam, turare na nika yi maka kyauta.” A yi dariya, ni ma in yi. Ranar da likita ya duba hoton ƙirjinka ya tambaye ka kara nawa kake sha a yini, kai ka dawo ka ba mu labari kana murmushi. Ran nan babu wanda ya taya ka.

Mutane sun san ka da gyaran waya fiye da aikin ofis, kuma ba ka taɓa karɓar ladan kowa ba. Direba zai miƙo maka waya ta yi nauyi, ka duba ka ce, “Wagga manhajar tocila mi ya haɗa ta da lambobin mutanenka da hotunan iyalinka?” Ka goge ta, ka sa masa wadda masu ita suka bar ƙirarta a buɗe, duk mai ilimin abin yana iya leƙawa ya ga ko tana kwasar sirri. Na taɓa yi maka gardama, na ce abin da ba a saya da tsada ba ba ya da inganci. Ka ce, “Alhaji, za ka sayi motar da aka hana ka buɗe bonet?”

Akwai abin da ni da kai kaɗai muka sani. Bara, bayan damina, tari ya kama ni ya ƙi tafiya. Maimakon asibiti sai na tambayi waya. Kafin a jima tallan maganin ƙirji ya cika ta, ko wa'azi na buɗe sai ya faɗo, har uwargidana Mansura ta ɗauka za ta kira ƙanwarta ta ce, “Alhaji, wa ke ciwo?” Na ce shirmen waya ne. Na kawo maka ita raina a ɓace. Ba ka tambaye ni komai gaban mutane ba. Ka canza mini abin binciken intanet, ka sa mini manhajar saƙo wadda babu mai karantawa sai wanda aka aika wa, ka saita ta yadda saƙo zai goge kansa bayan ɗan lokaci. Da na koma gida sai ga muryarka: “Alhaji, waya na rufe maka, amma wanga tari ba ya rufuwa. Ɗaki guda munka zamna. Ka tahi a duba ka.”

Ba ka daina ba. Ko da kake kwance a asibiti, numfashi yana yanke maka magana, saƙonka bai wuce wannan ba. Ni ko ina cewa sai an gama kwasar albasa, sai an wuce azumi. Bayan sadakar uku na buɗe wayar don in sake jin muryarka, na tarar babu komai. Ta goge, kamar yadda ka saita ta. Ka rufa mini asiri har ka tafi da shi kabari, kuma abin da ke tsorata ni ke nan: in na yi shiru, babu sauran mai tura ni.

Shi ya sa na rubuta a nan. Na gaya wa Mansura jiya, ta yi kuka, ta yi faɗa, na ƙyale ta don tana da gaskiya. Ranar Litinin za mu je a ɗauki hoton ƙirjina. Ban san abin da za a gani ba, kuma ba na ɓoye cewa gabana yana faɗuwa. Hodi da kansa ya cire kwalin taga, ya fitar da bencin masu taba ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Duk wanda ya zauna ɗakin nan tare da mu, ya biyo ni, akwai wuri a mota.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Goggo Asiya a Argungu, da mai ɗakinsa Riskuwa, da 'ya'yansa Aminullahi da Hanifa, da dukan jama'ar tasha. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ya Allah, Ka gafarta wa Ikrima, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa da iskar Aljanna, Ka rufa masa asiri gobe kamar yadda ya rufa na bayinKa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Malam, na ji. Zan tafi.