Yadda Burebe Ya Ci Mini Gashin Baki

Duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta waya a ƙasar nan, ya ga sunan mai karɓa ya fito masa kafin ya danna, to ya sani da hankalina yake aiki. Ni na ƙirƙiro abin. A Dakoro na ƙirƙiro shi, cikin wani ɗan shagon kwano a bakin tasha, wanda in na miƙe ƙafa sai yatsuna su gaisa da mai tuyar ƙosai. Ban ce a yi mini godiya ba, amma da duniya da adalci, da yanzu hotona yana jikin takardar kuɗi, da gashin bakina da komai.

Gashin bakin nan sai na tsaya na yi bayaninsa, don shi ne dukiyar da na saka a wannan ciniki. Tun ina saurayi nake kiwonsa. Ya yi kauri, ya murɗe a gefe biyu kamar ƙahon ragon Uda. In na gama shan fura, shi sai an jima yake gama shan tasa. Mutanen ƙauye ba su san sunana ba, ba su kuma damu su sani ba. In sun sauka daga mota cewa suke a nuna musu shagon mai gashin baki, sai su kwance bakin zane su miƙo kuɗinsu ba fargaba.

Sana'ata ita ce sayar da kiredi, wato katin kira, cajin waya, da aika wa mutane kuɗi. Aikin na ƙarshe shi ne mai sa furfura. Mutum zai zo da nimero a rubuce jikin kwalin shayi, ruwa ya taɓa shi, bakwai ta zama ɗaya. Wani kuma a ka ya haddace, ya shigo da shi tun daga Tagriss, rana ta narkar da lamba biyu a hanya. Ka danna, kuɗi ya tafi wurin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ɗaga hannu sama ya ce addu'arsa ta karɓu, ya kashe waya.

Za ka ce ai sai a tambayi suna. To, zo Dakoro ka tambaya. Akwai wata tsohuwa daga Mai Yara, mai sayar da gishiri da kayan miya, da take aika wa ɗanta kuɗi a Maradi ya saro mata kaya. Ranar da ta fara zuwa na ce, "Iya, wa za a aika wa?"

Ta ce, "Wancan."

"Wanne?"

"Yaron nan hwa."

"Iya, yara sun yi yawa a Maradi. Sunansa nake so."

Ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce wa mai ƙosai, "Wanga mai gashin baki bai da kunya. Ɗan fari na zai sa in ambata a bakin tasha."

Haka abin yake. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matan da ba sa faɗin na miji sun fi a ƙirga, suruki kuwa ko a mafarki. Rabin kuɗin da ke fita daga shagona zuwa suke wurin "shi", da "wancan", da "mai gidan".

A nan basira ta sauko mini. Kafin in danna komai, sai in kira nimeron, ba tare da na ce akwai kuɗi ba, in ce, "Kai ɗan wa ne? Wane gari? Da me ake kiranka a gida?" In amsa ta yi daidai da abin da mai aikawa ya yarda ya faɗa, ko ya gyaɗa kai a kansa, sai in tura. Na ma ƙara tarko. Wata rana tsohuwar nan ta ba ni nimero da lamba ɗaya a karkace, wani ya ɗauka can wajen Damagaram. Da ya ji muryar tsohuwa a gefe sai hancinsa ya shaƙi ƙanshin kuɗi, ya fara, "Iya, ni ne, ya jikin naki?" Na ce masa, "To, wace kala ce akuyar Iya?" Ya ce ja, don duk wanda aka tambaya akuyar ƙasar Maradi ja zai ce. Tsohuwa ta matso bakin waya ta ce, "Jaki gare ni, ɗan nema." Na raɗa wa dabarar suna Ɗanwane, na kuma tabbata ba a bar kowa cikin jahilcinta ba.

Ana nan sai wata safiya waya ta sabunta kanta. Na sa nimero, kafin in danna sai ga suna ya fito, da tambaya wai ko shi ne. Na zauna a kan benci na riƙe kai. An sace ni da rana tsaka, ba a ko fasa ƙofa ba.

Da la'asar na kai ƙara fadarmu, wato inda muke zaman shayi a gindin dogonyaro. Akwai wani malamin lakkol, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, shi ne mai karanta mana duniya. Ya ce a ƙasashen da aka san darajar kai, wanda ya ƙirƙiro abu ana ba shi takarda, duk mai son amfani da abin sai ya nemi izininsa ya biya. Na ce yaya sunan takardar. Ya ce burebe.

Taubashina, ɗan kawuna, wanda Allah ya halitta don kawai ya hana ni jin daɗin rayuwa, ya ƙware da shayi. Ga wanda bai yi lakkol a ƙasar nan ba, burebe shi ne kuma sunan jarrabawar gama kwaleji. Na zauna mata a zamanina, har na sake komawa don in ba masu gyaran takarda dama ta biyu, amma zurfin amsoshina ya fi ƙarfinsu.

Ya ce, "Bawana, burebe ɗin da yara masu majina ke ci ya kayar da kai, shi ne za ka tunkari babban wansa?"

Na ce, "Wancan na masu hadda ne. Wannan na masu ƙwaƙwalwa ne."

"In ka kawo shi kafin Sallar layya, ragona naka ne."

"In ban kawo ba fa?"

 Sai ya dubi gashin bakina, ya shafa leɓensa na sama, wanda tun haihuwa ko ciyawa ba ta taɓa tsira a kansa ba.  Da ina da hankalin da nake ikirari, da na ce shayi ya yi sanyi a sake ɗorawa. Sai na ji bakina ya ce an gama, a shaida.

Ina da ɗan aji a Maradi wanda ya ci wancan burebe ɗin, ya ci na gaba da shi, ya yi ta ci har ya zama aboka, wato lauya, mai buro da na'urar sanyi. Na sa babbar riga, na shafa wa gashin baki turare, na hau mota. Tun kafin mu wuce Kornaka na gama sayen gida biyu a Yamai a cikin raina, na kuma yanke shawarar yafe wa kamfanin waya rabin laifinsa in ya zo da ladabi.

Metir, haka ake kiran aboka, ya tarbe ni da dariya, ya sa aka kawo lemo. Na zayyana masa Ɗanwane tun daga tsohuwa har jaki. Ya saurara har da share hawaye. Sannan ya ce, "To, mutumina, ina lojisiyel ɗin?"

"Wane?"

"Tsarin da ka rubuta wa inji ya bi."

Na nuna kaina da yatsa.

Ya ce, "Wannan ba ya shiga ambulan. Amma bari in ɗauka ka rubuta. Doka ba ta ba da burebe a kan tunani tsura, ko a kan hanyar tafiyar da ciniki. A tambayi mutum ko shi ne kafin a ba shi kuɗi, wannan hankali ne, ba ƙirƙira ba."

Na ce, "Ai da na sa shi cikin waya ya zama inji."

"In ka ɗora tukunyar tuwo a bayan moto, ka ƙirƙiro tuwo ne ko ka ƙirƙiro moto? Abin da mutum ke yi da baki, ka ce wa waya ta yi, ba ka kawo sabon abu ba. Rubutun lojisiyel yana da tasa kariyar, irin ta mai littafi, ba mai kwafe maka shi kalma da kalma. Amma wani ya zauna ya rubuta nasa mai yin aiki iri ɗaya, ba ka da bakin magana. Da a ce ka gano wata sabuwar hanya da injuna za su tantance mai karɓa a dajin da babu rezo, inda waya ba ta kamawa, wadda masu sanin aikin ba su hango ba, to da sai mu zauna mu duba, ko shi ma ban yi maka alkawari ba."

Na ce, "Ai abin da nake nufi ke nan tun ɗazu."

"To, yaya take aiki?"

Na kurɓi lemo.

Da na ga ƙasa tana zamewa sai na koma kan nasu. Na ce abin da kamfani ya yi ma bai kai nawa ba. Sunan jikin kartin shaidar ɗan ƙasa yake nunawa, wanda ko uwar mutum ta manta da shi. Akwai wani zango a arewa da duk layukan wayarsu da kartin mutum ɗaya aka yanka, don shi kaɗai ke da karti a lokacin. Ka aika wa amarya, sunansa ya fito. Ka aika wa limami, sunansa ya fito. Ni kuwa jaki kaɗai ya ishe ni kama ɓarawo.

Metir ya ce, "Na yarda naka ya fi aiki a Dakoro. Amma doka ba ta tambayi wanda ya fi amfani ba. Tambayarta ita ce, sabo ne? Ba a taɓa ji ba? Tsohuwarka in an yi sallama a ƙofar gida, me take cewa kafin ta ce a shigo?"

"Wane ne."

"To, ta riga ka. Sai tambaya ta ƙarshe. Abin da ake nema wa burebe ana ɓoye shi har a kai takarda. Wa ka taɓa faɗa wa?"

Na ce babu kowa. Sai dai ƴan fada. Da direbobin tasha. Da mai ƙosai. Da mutanen kasuwar Kornaka, don wata rana na karɓi lasifikar mai maganin basir na yi musu ɗan taƙaitaccen bayani. Da kuma wani ɗaurin aure, inda aka ba ni dama in yi addu'a.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Yaran da aka haifa lokacin sun shiga lakkol."

Ya dafa kafaɗata ya ce ko da jirgin sama na ƙera, bakina ya riga ya raba shi sadaka.

A hanyar komawa na shirya labari mai kyau: takarda ta tafi Yamai, daga can za ta haye teku, irin wannan aiki ba ya son gaggawa. Na kuma sayi rawani na naɗa irin na mutanen arewa, ya rufe hanci da baki, da niyyar in ce mura ce har bayan Sallah. Abin da na manta shi ne matar Metir da matar taubashina uwarsu ɗaya. Labari ya riga motarmu isa Dakoro, har ya sha ruwa ya huta.

Ranar jajibirin Sallah da yamma na iske fada ta cika, har da waɗanda ba sa shan shayi. Taubashina ya ɗaure ragonsa a jikin dogonyaro don ya yi kallo. Wanzami yana gefe yana wasa aska a tafin hannu. Na nemi a bar mini ɓangare ɗaya, tunda Metir da kansa ya ce nawa ya fi aiki. Malamin lakkol ya ce a burebe babu rabin ci. Wanzamin ya yi bisimilla kamar mai yanka, ya ce bai taɓa sassabe gona mai albarka irin wannan ba. Da ya gama na ji iska tana taɓa wani wuri da rabonta da shi tun ina kwaleji. Na koma gida, matata ta dube ni, ta ce mai gidan ba ya nan.

Kasuwar farko bayan Sallah sai ga tsohuwar Mai Yara. Ta tsaya a bakin shago, ta dubi kwano, ta dubi benci, ta dube ni, ta ƙara ƙulle bakin zanenta.

"Ina mai wurin?"

"Iya, ni ne."

"Wancan na Damagaram ma haka ya ce." Ta juya wurin mai ƙosai. "Kin san wanga?"

Mai ƙosai, wadda shekara da shekaru nake yi mata caji kyauta, ta ce ita dai ta ga ya buɗe shago da safe, ba ta san daga inda ya samo mabuɗi ba.

Tsohuwa ta gyara tsayuwa. "Kai ɗan wa ne?"

Na faɗa.

"Kowa ya san wannan. Mi gare ni a gida, akuya ko tunkiya?"

"Jaki."

"Wannan ma ka iya ji a kasuwa, don mai wurin bai bar kowa bai faɗa mashi ba. Ina gashin bakin?"

Na gyara murya na yi mata bayani. Na ce manyan Yamai ne suka aiko a ɗauke ni hoton da za a manna a takardar ƙirƙira, sai aka tarar gashin bakin ya fi faɗin hoton, in an sa shi kunnuwana ba sa shiga. Shi ya sa aka cire shi a hankali, aka naɗe a auduga, aka tafi da shi a mota ta musamman, za a ɗauke shi nasa hoton daban.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sunkuya ta kwance bakin zane, ta miƙo kuɗin, ta ce wa mai ƙosai, "Shi ne. Huskar ban santa ba, amma ƙaryar tashi ce."